Sharhi a kan Blood and Wine: ƙasar da yaƙi bai taɓa ba, da alhakin da ke binne a cikinta

A daminar da ta wuce na shafe makonni shida ina buga wasan kwamfuta mai suna Blood and Wine a ɗakina da ke Gusau, yawanci bayan sallar isha'i idan gida ya yi tsit, kuma da na duba lissafin da kwamfuta ta ajiye sai na tarar na ba shi awa 41. Na jinkirta wannan sharhi har sai da zumuɗi ya kwanta, domin abin da mutum zai faɗa game da wasa a daren da ya gama shi ba kasafai yake zama hukuncin adalci ba. Yanzu da ƙura ta lafa ra'ayina yana nan yadda yake: ban taɓa sayen ƙarin wasa da ya ci kuɗinsa kamar wannan ba, kuma abin da ya riƙe ni a cikinsa shi ne labarin alhakin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa mai kyan gani. Zan taɓo wasu sirrikan labarin, saboda haka wanda yake son ya gano komai da kansa ya sani tun yanzu.

Ƙarin wasa sabon babi ne da ake sayarwa daban a ɗora shi a kan wasan da mutum ya riga ya mallaka, ba ya tashi shi kaɗai. Uwar wasan a nan ita ce The Witcher 3: Wild Hunt, wadda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ya fitar ranar 19 ga Mayu 2015. Ƙarin farko, Hearts of Stone, ya fito a watan Oktoba na wannan shekara, sannan Blood and Wine ya biyo baya ranar 31 ga Mayu 2016 a kan kusan dala 20, kuma a ƙarshen shekarar ya lashe kyautar wasan da ya fi fice a ajinsa a bikin The Game Awards, inda ya doke cikakkun wasanni alhali shi ƙari ne kawai. Mai wasa yana tafiyar da Geralt, mafaraucin dodanni mai farin gashi wanda ke yawo gari-gari da takubba biyu a bayansa, na ƙarfe domin mutane, na azurfa domin dodanni, yana karɓar lada a kan kowane aiki. Ana shawartar mutum ya kai mataki na 34 kafin ya shiga wannan babi, amma akwai damar farawa kai tsaye da Geralt da aka riga aka shirya. Ban ba kowa shawarar bin wannan gajeriyar hanya ba, kuma dalilina zai bayyana a gaba.

Ni a GOG, shagon sayar da wasanni na intanet, na sayi cikakken kunshin, wanda ya haɗa uwar wasan da ƙarin biyu, domin da zarar an sauke shi ba ya sake neman intanet. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, mun san darajar abin da ke aiki ba tare da sabis ba. Nauyinsa ya kusa gigabayit 50, kuma sai da na yi dare huɗu ina sayen datar tsakar dare kafin ya kammala sauka. Kwamfutata laftof ce ta hannu, mai ƙaramin katin hoto, don haka na rage inuwa da nisan ganin ciyayi, daga nan wasan ya tafi lafiya lau. Na fara gwada shi a watan Afrilu, amma zafin bazara ya sa injin yana huci yana sassarfa bayan minti 20, shi ya sa na haƙura har ruwa ya sauka.

Wanda ya buga uwar wasan ya san Velen, yankin da yaƙi ya ɗaiɗaita: fadamu masu wari, gawarwaki rataye a itatuwan bakin hanya, ƙauyukan da aka ƙona, da mata da yara zaune a gaban shingen sojoji suna neman izinin tsallaka kogi. Ban taɓa iya kallon Velen a matsayin ƙirƙira zalla ba, domin ina da 'yan uwan da suka bar gonakinsu suka dawo cikin gari, damina uku ke nan ba su saka fartanya a ƙasarsu ba. Daga cikin wannan ƙunci ne wasu barade biyu suke zuwa da takardar sarauniya Anna Henrietta su tafi da Geralt ƙasar Toussaint, kuma a lokacin da hoton ya buɗe na saki linzamin kwamfuta na tsaya ina kallo. Sama shuɗiya, gonakin inabi jere a kan tuddai, fadar Beauclair tana walƙiya daga nesa, dutsen Gorgon yana bayanta da ƙanƙara a kansa, manoma suna aiki babu mai waiwaye. An gina ƙasar a kan siffar kudancin Faransa, kuma a cikin labarin tana ƙarƙashin daular Nilfgaard amma yaƙin bai iso ta ba. Sai wanda ya sha wahalar Velen zai ji wannan sauƙi a ƙirjinsa, shi ya sa na ce kada a tsallake.

An kira Geralt ne saboda wani abu da mutanen gari ke kira Dabbar Beauclair yana kashe manyan barade ɗaya bayan ɗaya. Baraden Toussaint suna rantsuwa a kan halaye biyar: mutunci, jarumta, kyauta, hikima da tausayi, kuma kowane kisa an tsara shi ne domin ya tona cewa mamacin ya ci amanar ɗaya daga cikinsu. An tsinci gawar wani marowaci da jakar kuɗi cushe a maƙogwaronsa, wani kuma an kashe shi sanye da kayan zomo, alamar rashin jarumta. Bahaushe ba zai yi baƙunta a wannan duniya ba, domin mun san barde da sulke da kwalkwali, mun san kirari da dokin da aka yi wa ado, mun kuma san cewa rawani ba ya shaidar halin wanda ya naɗa shi. Abin da ya burge ni shi ne wasan yana auna mai wasa da wannan ma'auni a ɓoye. Lokacin da na ƙi kashe wata makauniyar dabba da aka jefa filin wasa domin nishaɗin 'yan kallo, an rubuta mini tausayi ba tare da an sanar da ni ba, sai can gaba, da na cika halayen biyar, aka ba ni takobin azurfa mai suna Aerondight, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa da kowane sara muddin ba a taɓa mai shi ba.

Wurin da ƙarin ya kama ni gaba ɗaya wani kangon gida ne da ke cikin daji, gidan Trastamara. Tun daga ƙofa cokula ne rataye a rassan itatuwa suna kaɗawa, cikin ɗakuna kuma cokula ne tsibi-tsibi, na katako da na ƙarfe, ga ƙasusuwan mutane zaune a kewayen tebur. A jikin bango an rubuta bakin da aka yi wa mai gidan: babu wanda zai zauna ya ci abinci tare da ita, babu cokalin da zai ƙosar da ita, kuma ba za ta sake son ganin fuskarta a madubi ba. Geralt ya ɓuya a cikin kabad, sai ga wata halitta ƙashi da fata ta shigo tana juya tukunya. Ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, yana zaune kusa da ni a daren, ya ce, "Yaya, fito ka sare ta mana, ai abin da aka aiko ka ɗauka yana cikin tukunyar." Na ce masa ya dakata, ya sake karanta abin da ke jikin bangon. Na sa Geralt ya fito ba tare da zare takobi ba, ya zauna a teburin, na kuma zaɓi su sha abin da ta dafa da baki, babu cokali. Da ta ga fuskarta a cikin kwanon sai ta ruga waje, da na bi sawu kuma sai na tarar da tsohuwa tukuf tana rawar jiki.

Sunanta Marlene, kuma asalin masifarta shi ne wata rana tana liyafa da ƙawayenta wani mabaraci ya tsaya a ƙofa da kwano da cokali, ta kore shi, ta ce gara ta zuba wa karnuka ragowar abincin, shi kuwa ya karya cokalinsa ya yi mata baki. Ni da ƙanena muka yi shiru, domin mun tashi a gidan da Inna ba ta taɓa kwashe tuwo ba tare da ta ware malmalar almajiri ba, kuma idan babu, kalmar da aka koya mana ita ce "Allah ya ba da haƙuri", ba tsawa ba. Ban yi tsammanin marubutan da ke Turai za su ɗora labari a kan haƙƙin mai bara har ya yi wannan nauyi ba. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne wasan bai tilasta wannan hanya ba: mai gaggawa zai iya kashe ta ya ɗauki abin da ya zo nema ya wuce, ba zai taɓa sanin akwai mutum a cikin dodon ba.

Wannan ƙaramin labari shi ne madubin babban. Wanda ke kashe baraden shi ne Dettlaff, babban mashayin jini mai siffar mutum, kuma yana yi ne bisa tilas, domin an sa ya gaskata cewa an sace matar da yake so. Matar kuwa ita ce Syanna, yayar sarauniya, kuma ita ce ta shirya komai. An haife ta a lokacin husufin rana, aka yi camfin cewa 'ya'ya matan da aka haifa a irin wannan lokaci mugaye ne, daga nan duk laifin da aka yi a fada sai a ɗora mata, har iyayenta suka kore ta tana yarinya, baraden da aka ba amanar raka ta kuma suka wulaƙanta ta suka yar da ita a daji. Su ne waɗanda ake kashewa, kuma ta biyar a jerin ita ce ƙanwarta da ba ta tsaya mata ba. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma a nan ya bi fada har cikin ɗakin sarauniya. Na ji zafin abin musamman a ɗakin wasan yaran, inda littafin mai rainonsu yake ajiye, domin a cikinsa mutum yake ganin yadda ake laƙaba wa yaro suna tun yana ƙarami har ya girma ya cika sunan. Wanda bai tsaya ya karanta ba zai rasa kalmomin da zai tausasa zuciyarta da su daga baya.

Labarin yana iya ƙarewa ta hanyoyi uku: 'yan uwan biyu su rayu su sasanta, ko Syanna ta mutu a jefa Geralt kurkuku, ko duka biyun su mutu. Ni na samu na farko, wanda yawancin masu wasa ke kira kyakkyawan ƙarshe, amma ban tashi daga kujera da farin ciki cikakke ba. Kafin a kai ga wannan rungumar, Dettlaff ya riga ya saki mashaya jini a kan Beauclair, talakawa sun mutu a tituna, Regis, tsohon abokin Geralt kuma mutumin da ya fi kowa hankali a cikin labarin, ya kashe Dettlaff, wanda ya taɓa ceton ransa, ya kuma zama abin farauta a wurin 'yan uwansa mashaya jini. Manya sun yafe wa juna, amma babu wanda ya tambayi mai sayar da burodin da aka kashe wa iyali. Mu a nan mun san nauyin kalmar sulhu, mun kuma san wanda aka saba mantawa da shi idan an zauna yin sa, saboda haka na yaba da yadda wasan bai share wannan tabo ba.

A nan ne kuma ƙorafina mafi girma yake. Rayuwar Syanna ta rataya a kan wani ƙyallen ɗaure gashi da ake samu a hannun wata yarinya a cikin wata duniyar tatsuniyoyi ta sihiri da ake shiga a wasan, ta hanyar saye ko cinye ta a karta, kuma babu wata alama mai ƙarfi da ke nuna muhimmancinsa. Ni na karɓe shi ne kawai don Syanna ta nuna tana so, ƙanena kuwa da ya buga nasa ya wuce shi, ya ƙare a kurkuku duk da cewa ya fi ni lura da sauran bayanai. A labarin da ya ginu a kan hali da haƙurin sauraro, bai kamata sa'a ta yi wannan rinjaye ba. Shi ma Dettlaff ba a ba shi isasshen fili ba. Yawancin abin da muka sani na kirkinsa daga bakin Regis muka ji, don haka lokacin da ya juya ya afka wa gari, sauyin ya zo da sauri fiye da yadda zuciya za ta bi. Ta fuskar tsarin labari, Hearts of Stone ya fi shi ɗaurewa.

Faɗa bai sauya sosai daga na uwar wasan ba, sai dai an ƙaro sababbin sauye-sauyen jiki guda 12 da ake buɗewa bayan an gano ɗakin binciken wani farfesa, kuma suna ba da ƙarin gurabe huɗu na dabaru. Na zaɓi wanda ake kira Euphoria, wanda ke ƙara ƙarfin sara gwargwadon yawan magungunan da ke jinin Geralt, kuma ya sauƙaƙa mini yawancin gumurzu. Manyan shanshani masu fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da wasu furanni masu tofa dafi sun gundure ni saboda yawan maimaituwa. Karon ƙarshe da Dettlaff kuwa ya fi duk abin da ya gabace shi tsanani nesa ba kusa ba, garken jemagun da yake turowa ya kashe ni sau tara kafin na gane cewa sai an jinkirta tsalle har sun kusa iso. Kayan yaƙi mafi daraja, waɗanda ake sawa daga mataki na 40, maƙeri ɗaya ne a Beauclair yake ƙera su, tsadarsu kuma takan share aljihu, amma damar rina sulke da launin da mutum yake so ta faranta mini fiye da yadda na zata.

Ƙananan ayyukan gefe sun bambanta a inganci. Akwai wanda Geralt yake zuwa banki karɓar kuɗinsa sai a ce a takarda ya mutu, a yi ta tura shi daga taga zuwa taga neman izini mai lamba A38, kuma duk wanda ya taɓa bin layin gyara takardu zai yi dariyar da ke da ɗaci a ƙasanta. Akwai gasar barade da sukuwa da harbi, wadda a bayanta akwai labarin wata budurwa mai ɓoye lalurarta. Alamomin tambaya da suka cika taswira kuwa yawancinsu abu ɗaya ne, a kashe a kwashe, kuma na bar fiye da rabinsu.

Dole in yi magana a fili ga iyaye da kuma duk wanda ke kula da abin da idonsa ke gani. Wasan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma ya cancanci wannan iyaka. Sunansa ma yana nufin jini da giya, tattalin arzikin ƙasar a kan giyar inabi yake, akwai datse gaɓoɓi, akwai tsiraici a wasu wurare, akwai sihiri da addinan ƙirƙira, kartar Gwent kuma ana iya saka kuɗi a cikinta. Ana iya ƙin wasu daga cikin waɗannan, ni ma na ƙi, amma ba duka ba, domin wasu dodannin mata a tsiraice suke faɗa. Ban taɓa kunna shi yara suna ɗakin ba, kuma wanda ya ga barin sa ya fi masa kwanciyar hankali ba zan ce ya yi kuskure ba. Babu Hausa a cikinsa. Akwai Larabci a rubuce, Turancin baraden kuwa mai ƙawa ne da tsofaffin kalmomi, don haka wanda Turancinsa bai nuna ba zai rasa rabin daɗin, tunda ƙarfin wasan a magana yake.

Na bar Corvo Bianco zuwa ƙarshe domin shi ne ya fi zama a raina. Wata tsohuwar gonar inabi ce da sarauniya ta ba Geralt a matsayin wani ɓangare na ladansa, tare da sarkin gida mai ladabi da ake kira Barnabas-Basil. Gyaran farko yana cin kuɗin wasan 5,000, daga nan a ƙara gado, da bargar doki, da lambun ganyayyakin magani, da wuraren rataye takubba da sulke. Amfaninsa a faɗa kaɗan ne, barci a gadon yana ƙara ƙarfin jiki na ɗan lokaci, kuma na so a ce an bar mutum ya tsara ɗakunan yadda yake so. Amma ga wanda ya bi Geralt fiye da awa 100 yana kwana a bakin hanya, ana biyansa ana kuma tofa yawu idan ya juya baya, ganin ƙofar da za a buɗe masa a ce sannu da zuwa abu ne mai girma. Na ɗauki wani dare guda ban yi faɗa ko ɗaya ba, ina fito da takubban da na tara tun daga Velen ina rataye su a bango.

A can na kai Marlene, kuma da ta murmure aka tambaye ni ko ta zauna ko ta tafi, na ce ta zauna. Matar da ta hana mabaraci loma ita ce yanzu take riƙe da madafin gidan, tana ajiye abinci a kan tebur. Bayan an gama komai Geralt da Regis suka zauna a maƙabarta da dare suka yi hirarsu ta bankwana, sannan na hau doki na koma gida, sarkin gida ya tare ni a ƙofa ya ce akwai baƙo a ciki. Wanda zai zo ya danganta da zaɓin da mutum ya yi tun a uwar wasan, ni kuwa Ciri na tarar, yarinyar da Geralt ya yi rainonta kamar 'yar cikinsa. Muka yi hira a waje, ta ba ni labarin farautarta, na adana wasan a daidai wurin, kuma har yau ban sake fitar da shi daga gonar ba.